Babi na Tara: Ajiya da Jigilar Kayan Filin Daga

A wasan yaƙi na kan tebur, filin daga ya fi rundunonin da ake jerawa a kansa cin wuri nesa ba kusa ba. Sojan wasa mai tsawon milimita 28, awon da ya fi yaɗuwa a Birtaniya da Amurka, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma ɗari daga cikinsu za su shige jaka guda da mutum zai rataya a kafaɗa. Teburin da za su gwabza a kansa kuwa yakan kai ƙafa 6 a tsawo da ƙafa 4 a faɗi, kimanin santimita 183 da 122, kuma sai an cika shi da tuddai da kurmi da kogi da gada da kangaye da shinge kafin wasa ya yi armashi. Yawancin jikin waɗannan kaya iska ce. Gida mai hawa biyu bango huɗu ne da rufi, cikinsa fayau. Bishiya 'yar waya ce da ganyen soso, amma tana neman sarari ta kowane gefe. Mai wasan dara ba shi da wannan damuwa, domin a ƙasa yake tona gurabunsa, in an tashi ya kwashe 'yan itacensa, ƙafa ta share wurin. Mai wasan yaƙi sai ya nemo inda zai kai duk wani tudu da ya sassaƙa.

Saboda haka maganar ajiya ba bayan gini take farawa ba. Tun kafin a sa wuƙa a soso ya kamata a san akwatin da abin zai shiga, da kantar da akwatin zai zauna, da motar da za ta ɗauke shi. Yawancin kayan fili da suka lalace a hannun masu su an gina su ne ba tare da wannan lissafi ba.

Matsalar ta girmi wasan na zamani. A 1811 Georg Leopold von Reisswitz, wani jami'in gwamnatin Prusiya, ya nuna wa 'ya'yan sarki wasan yaƙin da ya ƙirƙira, a kan tebur mai cike da jiƙaƙƙen yashi da ake siffanta tudu da kwari da shi. Da aka nemi ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku, bai yarda ya shiga fada da teburin yashi ba. Sai a 1812 ya miƙa wata kabad ta katako mai durowoyi, wadda ake buɗe allo a samanta ya zama fili, a jera ƙananan fale-fale masu kusurwa huɗu da aka yi wa siffar kogi da hanya da tudu da ƙauye. In an gama, kowane abu ya koma durowarsa. Ɗansa, Georg Heinrich Rudolf von Reisswitz, ya ƙara sauƙaƙa al'amarin a 1824, ya mayar da wasan kan taswirar takarda wadda hafsa zai naɗe ya tafi da ita. H. G. Wells, wanda littafinsa Little Wars na 1913 ya buɗe wa farar hula ƙofar wannan wasa, a daɓen ɗaki yake yaƙinsa: tuddansa alluna ne da ake ɗora wani kan wani, bishiyoyinsa 'yan rassa ne da ake cusawa a ramukan da aka huda a katako. Hanyoyin nan uku, fili mai gunduwa-gunduwa, fili mai naɗuwa, da fili mai warwaruwa, su ne har yau ake bi.

Awo kafin yanka

Ana sayar da katako da soson gini a faranti mai ƙafa 8 da ƙafa 4, shi ya sa tebura da yawa suka zo da faɗin ƙafa 4. Sai dai allo guda mai ƙafa 6 da 4 ba abin yawo ba ne. Ƙofar ɗaki a gidajen Birtaniya yawanci milimita 762 ce, matakala tana da kwana, kuma cikakken farantin katakon MDF mai kaurin milimita 18 shi kaɗai ya kai wajen kilo 40. Abin da aka saba shi ne a raba filin gida shida, kowanne ƙafa 2 da ƙafa 2. Haka kamfanin Games Workshop na Nottingham ya yi da allonsa na roba mai suna Realm of Battle, ya haɗa shi da jakar ɗauka. Guntu irin wannan, in an yi gindinsa da MDF mai milimita 6, bai cika kilo 2 ba kafin a ɗora masa soso.

Nauyi ya ragu, amma girma na nan. Idan kowane guntu na da tudu ko katanga da ta tashi santimita 8, sai an bar masa akalla santimita 10 a cikin akwati, guntu shida kuma sun tashi santimita 60. Wannan akwati ne mai girman ƙaramin firiji, kuma fili ɗaya tak ke cikinsa. Duk wanda ya manne gidaje da bishiyoyi a kan allo ya sayi kyan gani da tsadar wuri. Allon da ya fi amfani shi ne wanda aka tsaya a kan abin da ke kwance ko ya nutsa, wato hanya, rafi, rami, gona, aka bar duk mai tsayi a ɗora shi ranar wasa.

Girman wasan ma zaɓi ne. Wasan De Bellis Antiquitatis, wanda ya fito a 1990, ana yin sa da ƙungiyoyi 12 a kowane ɓangare, a kan fili mai ƙafa 2 da ƙafa 2 idan sojojin na milimita 15 ne, don haka runduna biyu da filinsu na iya shiga akwati guda. A 2020 wasan Warhammer 40,000 ya rage ƙaramin awon filinsa na gasa zuwa inci 60 da 44. Ga wanda ɗakinsa ɗaya, wannan lissafi ya fi kowace dabarar shirya kaya tasiri.

Abin da ke cin kowane abu

Soso iri biyu ake amfani da shi. Akwai farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tallafe talabijin da shi a kwali, wanda gefensa ke marmashewa da ɗan gogayya. Akwai kuma mai tauri, ruwan hoda ko shuɗi, na tare sanyi a bangon gida. Wannan ba ya marmashewa amma yana loɓawa, kuma in ya loɓa ba ya dawowa. Kariyarsu biyu ce: gindi na siririn katako da ya ɗan zarce soson ta kowane gefe, don shi ya riƙa karɓar karo, da kuma shafen farin gam haɗe da yashi ko filasta kafin fenti. Fentin feshi na gwangwani yana narkar da soso tsirara, haka fetur. Akwai wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba: wayar lantarki mai rigar PVC, in ta daɗe kwance a kan soso, sinadarin da ke sa ta laushi yakan ratsa ya bar kwari a jikinsa. Kada a haɗa su akwati ɗaya.

MDF garin itace ne da aka matse da gam, kuma da shi kamfanoni irin su Sarissa Precision da TTCombat ke yanka gidaje da leza. Babban abokin gabarsa laima. In ya sha ruwa sai ya kumbura, in ya bushe ba ya komawa yadda yake. Yana kuma karkacewa idan fuska ɗaya kawai aka shafa wa gam, saboda farin gam yana tsukewa in yana bushewa ya ja katakon. Maganin shi ne a shafe fuskokin biyu da gefuna tun farko.

Filasta da rezin nauyi gare su, ga saurin ɓantarewa. Su ne ke zama a ƙasan kowane akwati, kowanne a naɗe shi kaɗai, domin gidan rezin guda da ya kwance a cikin kwali ya isa ya niƙe duk abin da ke tare da shi.

Kayan da ake fitarwa da firinta mai buga siffa sun zo da tasu matsalar. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, kuma cikin motar da aka rufe a rana yana iya kaiwa nan. Hasumiyar da aka kwana biyu ana bugawa za ta iya sunkuyawa a yini ɗaya a kujerar baya. PETG ya fi juriya, sai wajen digiri 80 yake laushi, don haka shi ya fi dacewa da wanda ke zaune a ƙasa mai zafi. A irin wannan ƙasa akwai ƙarin maƙiya biyu, gara mai cin kwali da katako, da ƙurar hunturu mai shiga ciyawar roba ta ƙi fita. Dukansu akwatin roba mai murfi, a ɗage daga ƙasa, yake tare su.

A Turai da Amurka wuraren da aka fi jibge kaya su ne saman silin, gareji da rumfar bayan gida, kuma su ne mafi muni. Saman silin yana gasuwa da bazara ya daskare da sanyi, gam yana buɗewa yana tsukewa har ya saki. Gareji da rumfa suna tara laima. Ƙarƙashin gado da saman kabad a cikin gida sun fi su duka. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, suna taimakawa a rufaffen akwati, amma suna ƙoshi da ruwa, sai an riƙa busar da su ko a canza.

Shimfiɗa, tuddai, bishiyoyi, gidaje

Shimfiɗar fili mai zane ta sauya wannan wasa fiye da yadda ake yaba mata. Irin ta roba mai laushi, wadda ake yi da abin da ake yin matashin linzamin kwamfuta, naɗe ta ake yi kamar tabarma, ba a ninke ta, don layin ninki yana zama. A naɗe ta a jikin bututun roba, zanen yana waje, yadda in an baza ta gefunanta za su kwanta ƙasa maimakon su ɗaga. Naɗaɗɗiyar ta kai santimita 122, kuma a kwance ake ajiye ta; in an jingina ta a tsaye gindinta yakan murɗe. Irin ta yadi, kamar ta kamfanin Cigar Box Battle na Amurka, tana ninkuwa ta shiga jakar baya. Tana da wata fa'ida: ana iya cusa tuddai a ƙarƙashinta. Tudun da ke ƙarƙashin yadi ba ya bukatar fenti ko ciyawa, guntun soso ne kawai, kuma ko ya ƙarje babu mai gani.

Tuddan da za su zauna a sama kuwa, a gina su jeri guda, ƙarami ya hau babba, ko a rarake cikinsu su shige juna kamar ƙorai. Tsarin Hexon na kamfanin Kallistra ya bi wannan hanya, alluna ne na roba masu gida shida-shida, kowane gida kusurwa shida da faɗin milimita 100, ana ɗora su kan juna. Tsakanin tudu da tudu a sa takarda mai laushi ko tsohon zane.

Bishiyoyi su ne suka fi wahala, kuma a nan ake gane wanda ya yi tunani. Kurmin da aka manne bishiyoyi goma a kan gindi ɗaya yana da kyau ranar farko, amma ba a iya ɗora komai a kansa, ba a iya shigar da sojoji cikinsa, kuma duk tafiya sai ya zubar da ganye. Mafi alheri a raba: gindin kurmi ya zama shimfiɗaɗɗen fai mai nuna iyakar dajin, kowace bishiya kuma ta tsaya a kan zoben ƙarfe nata. Sai a manna takardar maganaɗisu a ƙasan akwati, bishiyoyin su tsaya cak ba sa taɓa juna. Wasu sukan manna wata a murfi, su rataye jeri na biyu kai ƙasa, rassan su shiga tsakanin na farko, akwati ɗaya ya ɗauki na biyu. Sai dai a san halin maganaɗisu. Yana da ƙarfi in an ja abu sama kai tsaye, amma yana da rauni in abin ya zame ko ya karkata, kuma doguwar bishiya a kan ƙaramin zobe ɗan girgiza ya ishe ta. Mai tsayi sai faffaɗan gindi, ko 'yan maganaɗisun niyodimiyam masu ƙarfi. Ganyen soso kuma a jiƙa shi da gam da aka tsinka da ruwa, a bar shi ya bushe ya yi tauri. Wannan aikin yini ɗaya yana hana zubar shekaru.

Gidaje a bar rufinsu yana ciruwa. Wasa yana bukatar haka don a sa sojoji ciki, ajiya ma tana bukata, domin cikin gidan ya zama mazubin ganguna da buhuna da guntayen shinge. Kangaye masu bango biyu, irin waɗanda suka cika gasannin Warhammer 40,000, suna rungumar juna in awonsu ɗaya. Duk abin da ya yi tsini, bututun hayaƙi, tuta, ƙololuwar hasumiya, a yi shi mai cirewa da fegi ko maganaɗisu, tunda shi ne zai fara karyewa. Gidajen kwali da na MDF masu warwaruwa su kwanta sun fi kowa tattalin wuri, amma haƙoran da ke haɗa su suna cinyewa da yawan sakawa da cirewa, kuma haɗa gari guda yana cin lokacin da aka ware wa wasa. Sun dace da mai wasa jefi-jefi. Mai wasa kowane mako gara ya manne su ya nemi wuri.

Koguna da hanyoyi ba su da wuya. A yanka su tsawo ɗaya, daidai cikin akwati, a jera su da takarda a tsakani, kada fuskar ruwa mai sheƙi ta manne da wata in an yi zafi.

Akwati

Akwatin roba garai-garai ya fi kwali, saboda ana ganin abin da ke ciki ba sai an buɗe ba. Abu biyu ake dubawa: bangon ya miƙe, kada ya tsuke ta ƙasa ya cinye wuri, sannan murfin ya iya ɗaukar nauyin wani akwatin. Wannan ne ya sa akwatunan Really Useful Box suka zama ruwan dare a kulob-kulob na Birtaniya. A tsaya a kan iri ɗaya da awo biyu ko uku masu hawa juna. Mai kantar Kallax ta kamfanin IKEA ya tuna cewa kowane gurbi santimita 33 ne, ya gina gidajensa ƙasa da haka. Farantan soso masu gurabu na kamfanin KR Multicase ko Feldherr ko Battle Foam an yi su ne don sojoji da motocin yaƙi. Ga kayan fili sun yi tsada kuma suna ninka girman kaya.

Ba faɗuwar akwati ce ke yin mafi yawan ɓarna ba, motsin da ke cikinsa ne. Abu biyu da ke gogar juna tsawon tafiyar awa biyu sun fi faɗuwa ɗaya lahani. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe akwatin, a ɗaga, a ɗan girgiza a kusa da kunne. In an ji ƙara, shiri bai kammala ba, a cike gurbin da tsumma ko dunƙulen takarda. Ledar nan mai kumburin iska tana kare karo, amma in ta daɗe a jikin fenti takan bar tabon zobba, don haka a fara naɗe abin da takarda kafin ita. Audugar asibiti ba ta da amfani a nan, zarenta yana maƙalewa a yashi da ciyawa.

A kan hanya

A mota, mafi nauyi ya zauna ƙasa, manne da bayan kujera, yadda birki ba zai ba shi hanyar gudu ba. Tsakanin akwatuna a cusa bargo ko tawul. Naɗaɗɗiyar shimfiɗa ta hau sama, kada a danne ta. Mai hawa jirgin ƙasa ko bas ya tsara kayansa a kan abin da hannu ɗaya da baya za su ɗauka, don ɗayan hannun yana da aikin ƙofa da tikiti. A jirgin sama kamfanoni da yawa sun tsayar da nauyin akwati a kilo 23, ba a yarda da fentin feshi ko kaɗan ba, wuƙar sassaƙa kuma ba ta shiga jakar hannu. Shi ya sa a manyan gasanni 'yan wasa ke zuwa da rundunoninsu kawai, masu shirya gasar su tanadi fili.

Masu kai manyan tebura wurin baje koli, kamar Salute da kulob ɗin South London Warlords ke shiryawa a zauren ExCeL na Landan, suna da sa'o'i kaɗan su kafa, da kaɗan su kwashe. Dabarar da ta fi yi musu aiki ta masu baje kolin ƙananan jiragen ƙasa ce. Ana ɗaukar alluna biyu a sa su fuska da fuska, a ɗaure su da falankai biyu da kusoshi masu noti a gefuna, a bar sarari a tsakani. Bayan allunan ya zama bangon akwati, aikin ado duka yana ciki ba abin da ke taɓa shi. In an tsara tun farko, tudun wannan allo zai faɗa daidai kwarin wancan, kaurin ya ragu. Wata hanyar ita ce akwatin katako mai layuka a bangonsa, alluna su riƙa shiga kamar faranti a tandar gidan burodi. Ko wanne aka zaɓa, a sa masa mariƙi, kuma a auna bakin but ɗin mota, ba cikinsa kaɗai ba, domin bakin ya fi cikin ƙunci.

Ga kulob ko gasa mai tebura da yawa, tsarin da ke aiki shi ne akwati ɗaya, tebur ɗaya. Rarraba kaya iri-iri, bishiyoyi nan, gidaje can, yana da kyau a gida, amma a zaure yana sa mutum goma su yi cunkoso a kan akwati ɗaya. Kowane guntu a rubuta lambar akwatinsa a ƙarƙashinsa. A cikin murfi a manna hoto biyu, ɗaya na yadda ake jera filin, ɗaya na yadda kayan ke komawa ciki. Na biyun ya fi muhimmanci, saboda lokacin kwashewa ne aka fi yin ɓarna: dare ya yi, kowa ya gaji, masu zaure suna jiran rufe ƙofa, kuma sau da yawa wanda ke mayar da kayan ba shi ne ya fito da su ba.

Duk da haka wani abu sai ya karye. A tafi da ƙaramar jakar gyara mai gam mai saurin kamawa na roba da rezin, farin gam na soso da ciyawa, fenti ruwan ƙasa da baƙi, buroshi ɗaya, da 'yar leda ta tara duk abin da ya ɓalle. Gam mai saurin kamawa yana cin soso tsirara, kada a kai shi wurin. Farin tabon filasta ko hodar soso da ya bayyana a gefen tudu, ɗigon fenti ruwan ƙasa ya isa ya ɓoye shi har a dawo gida. Abin da ya lalace sosai kada ya koma akwatinsa. A ware shi a akwatin gyara, a rubuta a murfin na asali cewa ba ya ciki. Kayan da suka daɗe ba a taɓa ba kuma a buɗe su sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta ko farkon sanyi da ƙarshensa, a duba laima da ƙwari, a kaɗe ƙura da buroshi mai laushi irin na kwalliya, a juya allunan da suka fara karkata a danne su da nauyi na 'yan kwanaki.